Isiyaku Mai Uba Biyu

Ku masu waya a hannu kuna ganin sana'ata ta mutu. Kullum in na kafa teburina a rumfar nan ta unguwar Alsawra, tsallaken kogi daga Khartoum, sai wani cikinku ya wuce ya ce, "Ammu Sale, har yanzu kana nan da biro? Ai yanzu da yatsa ake cikawa." To ku cika. Shekaranjiya wani ya cika da yatsa, yau da safe ga shi a gabana da takarda an ja mata jan layi uku, yana tambayata laifin da ya yi. Na ce masa, "Ban sani ba, zauna mu duba." Na haura shekara talatin a wannan aiki, kuma wannan magana ita ce rabinsa.

Larabawa ardahalji suke ce mana, wato mai rubuta wa mutane takardun hukuma. Ni a cikin ardahalji na ware da abu ɗaya, takardun ta'amin, asusun nan da ma'aikaci ke zuba wani abu duk wata saboda ranar da ƙarfi zai ƙare. Mai aiki a kamfani ba ruwansa da ni, kamfani ke yi masa komai. Nawa su ne masu zaman kansu: mai walda, kafinta, birkila, tela, mai jan wayar wuta, mutanen da ba su da ubangida sai Allah. In irin wannan mutum ya samu kwangilar wata uku ko shida a ƙasar waje, a nan kai ke ɗaurewa. A can za su ce ya kawo shaidar cewa yana cikin ta'amin a gida, in ba haka ba ko su fasa ɗaukarsa ko su yanke masa nasu, wanda ba zai taɓa cin moriyarsa ba. A nan gida kuma, in ya tafi bai sanar ba, watannin sun faɗi. Takarda biyu ke nan, kowace sai ta ga 'yar'uwarta kafin a sa mata hannu. Kada ku tambaye ni wace ce ta fara, har yau ban gane ba.

A gefen Suk al-Arabi, babbar kasuwar Khartoum, na koyi aikin, a hannun Haj Idrisa, Allah ya jiƙansa. Na je masa ne da gemuna, bayan cinikin yadi ya kayar da ni. Wata uku bai bari na taɓa biro ba. Aikina bin layi da jiƙa damga, ɗan kan sarkin nan da ake manna wa takarda. Kayan aikinmu ba su da yawa: tebur mai naɗewa, kujera biyu, takardar kabon, soso jiƙaƙƙe a murfin kwalba, tawadar dangwala yatsa, da dutse guda don kada iska ta kai takardar mutane tashar mota. Biro kuma biyu, shuɗi da baƙi, domin a ofishin ta'amin taga ta uku ba ta karɓar baƙi, ta biyar kuma ba ta karɓar shuɗi. Na tambayi Haj Idrisa dalili, sai ya ce, "Ya zol, kai dalili ka zo koyo ko sana'a?"

Wani tela na fara cika wa takarda da hannuna. Akwai gurbi a takardar da ke cewa ranar dawowa. Na tambaye shi, ya ce in rubuta in Allah ya yarda. Na ce rana ake so. Ya ce shi bai isa ya yanke wa Ubangiji rana ba. Muka yi ta ja har shayinmu ya huce. A ƙarshe na rubuta wata uku, ya dawo bayan shekara huɗu yana cewa ai har yanzu na ɗan lokaci ne. Ban ga laifinsa sosai ba. Mu da kakanninmu suka baro Kano da Katsina suka ce hajji kawai za su yi su koma, ga mu nan har yau muna shan ruwan Nilu. In an ce wa Bahaushen Sudan tafiya ta ɗan lokaci, sai an tsaya an yi masa bayani.

Amma aikin da nake so ku ji na Usta Isiyaku ne, mai walda daga unguwar Alsahafa; Usta muke ce wa gwanin sana'a a nan. Sa'ana ne, mutum mai faɗin kafaɗa, hannunsa duk tabon wuta. Shekara goma sha tara yana zuba ta'amin, bai taɓa tsallake wata ba, rasit ɗinsa a ɗaure da roba cikin gwangwanin madara. Saura kaɗan ya cika shekarun da ake nema. Idonsa kuma ya fara mutuwa saboda hasken walda, shi ma ya sani. Sai ga kwangilar wata shida ta faɗo masa a ƙasar Larabawa ta can tsallaken teku, haɗa ƙarfen wani babban sito. Ya ce da ni, "Malam Sale, wannan ce ta ƙarshe. In na yi ta na cika shekaruna, na ajiye ƙarfe kafin ƙarfe ya ajiye ni." Kamfanin ya ba shi mako uku ya aika da shaidar ta'amin, sannan su turo biza.

Na ɗauki fasfo a hannun dama, katin ta'amin a hagu, kamar yadda na saba. Fasfo ya ce Isiyaku Musa Adamu. Kati ya ce Isiyaku Haruna Adamu. Hoto ɗaya, fuska ɗaya.

Na ce, "Usta, katin wa ka ɗauko?"

"Nawa."

"Fasfon fa?"

"Nawa."

"To wa ya haife ka, Musa ko Haruna?"

Ya dubi hagu ya dubi dama kamar na tambaye shi abin kunya a gaban surukai. Ya rage murya ya ce, "Baba Musa shi ne babana. Baffa Haruna kuwa… ka dai gane."

Na gane, domin a cikinmu na tashi. Haruna ƙanen Musa ne. Musa Allah bai ba shi haihuwa ba, saboda haka da aka yaye ɗan farin Haruna sai aka ɗauke shi aka kai ɗakin wansa, aka ce ga naka. Daga ranar ba wanda ya sake ta da maganar. Haruna har ya koma ga Allah bai taɓa kiran yaron ɗansa ba, yaron kuma Baffa yake ce masa. Takardar haihuwa ta ungozoma tana ɗauke da sunan Haruna, da ita aka buɗe katin ta'amin. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa Musa ne ya kama hannunsa ya je ya nema masa da sunansa, daga ita aka yi fasfo. Kowa a unguwa ya san wannan, ba kuma wanda ya taɓa furta shi. Takarda ce kawai ba ta da kunya.

A idon hukuma ke nan mutum biyu ne. Ɗaya ya biya shekara goma sha tara amma ba shi da fasfo. Ɗaya yana da fasfo amma bai taɓa biyan ko sisi ba.

Kwana huɗu na yi ina yawo da fayil ɗin nan. Taga ta biyu ta ce ba matsalarta ba ce, in je ta biyar. Ta biyar ta ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Da ya dawo ya ce abu mai sauƙi ne, a buɗe wa mai fasfo sabon kati ya fara daga yau. Na ce shekarun baya fa? Ya ce na Isiyaku Haruna ne, in ya zo da kansa ya karɓa. Na ce ai shi ne wannan a tsaye. Ya duba fasfo ya ce, "La, wannan Isiyaku Musa ne." Na fito na zauna wurin mai shayi. Ranar na yi kewar Haj Idrisa, wanda a lokacin ya shekara shida a ƙasa.

Sai na yi lissafi irin nawa. Shekara goma sha tara ba sa ɗaguwa daga inda suke. Fasfo kuwa ana sake shi. Saboda haka fasfo ne zai bi kati. Na taɓa ganin Haj Idrisa ya yi irin wannan sau ɗaya, na kuma tuna hanyar: a je gaban alƙali, wanda aka rubuta a matsayin uba ya rantse cewa ba shi ya haifa ba, a kawo shaidu biyu, a gyara takardar ɗan ƙasa, a fitar da sabon fasfo. Na gaya wa Usta Isiyaku haka da cikakken baki, kamar wanda ya san abin da yake faɗa.

Ya dubi fasfon da ke kan teburi. Sannan ya ce, "Baba zai tsaya gaban mutane ya ce ni ba ɗansa ba ne?"

"Magana ce ta minti biyu, Usta."

"Halas, shi ke nan, na fasa tafiyar."

"Ka fasa, idonka fa? Ko ba ka tafi ba, ranar da za ka karɓi haƙƙinka wannan maganar za ta taso. Gara yanzu da tsohon yake da rai."

Ya tattara gwangwaninsa ya tafi bai yi mini sallama ba.

Bayan kwana biyu da hantsi sai ga riksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta tsaya a gaban teburina. Wani tsoho ya sauko, siriri, cikin farar jallabiya da aka goge sosai, da sanda. Shi kaɗai. Ya ce, "Kai ne Sale mai takarda? Ni ne Musa. Yaron nan kwana biyu ba ya cin abinci. Matarsa ce ta gaya mini dalili, shi ba zai faɗa ba. Ina ake rantsuwar?"

Na miƙe na ba shi kujera. Na ce, "Baba, ka san abin da za a ce ka faɗa?"

"Na sani. Shekara hamsin da wani abu ban faɗa ba, amma ban manta ba."

Ranar da muka shiga gaban alƙali mu biyar ne: ni, da Usta, da Baba Musa, da tsofaffi biyu na unguwarsu. Ɗaki ne ƙarami, fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Alƙalin mutumin kirki ne, amma ba namu ba ne, bai san riƙo irin namu ba. Ya karanta abin da na rubuta sau biyu, ya ɗaga kai.

"Ya Haj, wannan mutum ɗanka ne?"

"Ɗana ne."

Alƙali ya dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

"To me ya kawo ku?"

"Na zo in ce ban haife shi ba."

"Wato ba ɗanka ba ne."

"Ni ban ce haka ba."

Alƙali ya ajiye biro ya ce shi dai takardar da ke gabansa gurbi ɗaya gare ta, ko uba ne ko ba uba ba. Ya ce in tsohon bai shirya ba mu je mu dawo. Saura kwana tara wa'adin kamfani ya cika, fasfo kuma bai ko fara ba. Na sunkuya na raɗa wa Baba Musa haka. Ni na raɗa masa, da bakina.

Baba Musa ya miƙa wa ɗaya daga cikin tsofaffin sandarsa, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya maimaita abin da aka karanta masa kalma bayan kalma: cewa Isiyaku ba ɗansa ba ne, ɗan ƙanensa Haruna ne, kuma ba shi da wani ɗa a duniya. Wannan ta ƙarshen ni na ƙara ta a rubutun, don kada a dawo mana da takarda a ce da sauran bayani. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Usta Isiyaku ne ya juya ya fuskanci bango, ƙaton mutum, kafaɗunsa suna motsi. Na kama babban yatsan tsohon na dangwala a tawada na danna a takarda. Yatsan sanyi ƙalau a wannan zafi.

Da muka fito Usta ya ce, "Baba, mu shiga riksha." Tsohon ya ce a'a, yana so ya ɗan taka. Ya yi gaba, Usta yana binsa a baya da taku uku.

Aiki dai ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Fasfo ya fito saura kwana biyu, shaidar ta'amin ta fito washegari, biza ta zo, Usta ya tashi. Na yi ta ba abokan sana'a labari ina buga ƙirji, har wasu suka fara turo mini masu irin matsalar.

Cikinsu akwai wani kafinta, shi ma ɗan riƙo, zai tafi aikin wata huɗu. Da yake ya sauya gida, na kai fayil ɗinsa taga ta huɗu don a buga mini hatimin canjin adireshi kafin mu nufi kotu. Wata ma'aikaciya ce a wurin, ustaza muke ce musu, ba ta daɗe da zuwa daga wani reshe ba. Na yi mata bayanin hanyar da zan bi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kotu kuma? Don me?" Ta ja aljihun tebur ta fito da wata 'yar takarda, rabin shafi. Shaidu biyu su sa hannu cewa sunayen nan biyu na mutum ɗaya ne, a manna damga, a haɗa fayil. Ba uba, ba rantsuwa.

Na ce, "Ustaza, yaushe aka fito da wannan?"

Ta ce, "Ni dai a nan na same ta."

Na ɗauki takardar na nufi taga ta biyu. Mutumin ya ce ai wannan ba ta aiki ga masu fita waje. Na je ta biyar, na wurin ya ce tana aiki, amma sai in uban da ya haifi mutum yana raye. Na koma wurin ustaza ta ce duk ba haka ba ne. Wani tsohon masinja ya ce shi ya san ta tun yana saurayi, wani kuma ya rantse bara aka kawo ta. Abin da na sani shi ne, da ita na gama wa kafinta aikinsa cikin kwana biyu, babansa yana gida yana jan carbi bai ma san an yi ba. Ko za ta yi wa Usta Isiyaku abin da ta yi wa kafinta, Allah masani. Amma ban tambaya ba. Kwana huɗu na yi a ofishin nan ina zagaye, taga ta huɗu ce kaɗai ban leƙa ba, don a sanina ta masu canjin adireshi ce.

Na yi niyyar zuwa Alsahafa in sami Baba Musa. Me zan ce masa, ban sani ba. Na ce sai Juma'a, Juma'a ta zo na ce ta gaba. Ana haka yaƙi ya shigo Khartoum.

Ku kun ga wannan shekara da idonku, ba sai na ba ku labari ba. Teburina da akwatin kwafe-kwafen takardun mutane na shekara da shekaru suna Suk al-Arabi, ban sake ganinsu ba. Gadar shiga Khartoum ta rufe, ni ina Alsawra, ba aiki, ba ofis, ba wanda ke tambayar ta'amin, kowa ransa yake nema. Na sayar da gawayi, na sayar da ruwa a jarka. Mutanen da na cika wa wata shida suka maƙale a can, na ɗan lokaci ya zama sai yadda hali ya yi. A cikin watannin farko na ji labarin Baba Musa ya rasu. Ba harsashi ba ne, kwanciya ya yi bai tashi ba. Maƙwabta suka rufe shi, Usta yana tsallaken teku ba hanyar dawowa.

Watanni kaɗan da suka wuce ina zaune a nan, na sake haɗa wannan tebur da kuke raina wa, sai ga mutum a tsaye a kaina da tabarau mai kauri kamar gindin kofi. Sai da ya yi magana na gane shi. Usta Isiyaku ne. Ya rame, gemu ya yi fari. Ya zauna, na kira mana shayi. Ya buɗe jaka ya nuna mini gwangwanin madarar nan, ashe da shi ya tafi. Ya ce an duba rasit ɗinsa da shaidar da na yi masa, an karɓa, shekarunsa sun cika, har da watannin waje. Ya ce mutane da yawa da suka dawo ba su da ko tsinke, shi kuwa komai nasa ya zauna daidai, suna ɗaya daga sama har ƙasa. Ya yi ta sa mini albarka har na rasa inda zan sa fuskata.

Sannan ya ce ya je Alsahafa ya ga kabarin. Ya ce matarsa ta gaya masa, tun ranar kotu tsohon bai sake kiransa yadda ya saba ba. In zai tambayi labarinsa sai ya ce, "Ɗan Haruna ya bugo waya?" Ta ce masa, Baba, wace irin magana ce wannan? Ya ce shi ya dafa Alƙur'ani, ba zai koma ya ƙaryata kansa ba.

Usta ya juya kofin shayi a hannunsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ce, "Malam Sale, kai ka san aikin nan ciki da waje. Dama ba wata hanya sai wannan, ko?"

Mutane uku suna tsaye a bayansa da takardu suna jiran layi. Na gyara dutsen da ke kan teburi, ko da yake ba iska.

Na ce, "Babu, Usta."

Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya tashi ya biya mini kuɗin shayi.